Waiwaye: Ciwon Baya da Zamanin Hoto

Potiskum gari ne da ke cin abinci da gadon bayansa. Duk wanda ya shiga kara ranar Laraba ya ga yadda samari ke kokawa da bijimai kafin su hau tirela, ko ya tsaya a kasuwar hatsi ya ga ɗan dako ya saɓa buhun gero yana hawa katako da shi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ga direbobin manyan motoci da garin ya yi suna da su, mutum ya kwana biyu ko uku a kujera ɗaya tsakanin nan da Legas ko Fatakwal, ramukan hanya suna cin ƙugunsa. Ga manoman Nangere da Fika da Fune masu wuni a duƙe kan fartanya, ga mata masu daka da surfe da jan guga da goyo a baya. Ba mu kaɗai ba ne kuwa. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da ita ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma babu lalurar da ta kai shi hana mutane sukuni da aiki a faɗin duniya.

A da, in baya ya riƙe, an san abin da za a ce: basir ne, ko sanyi ne ya shiga. Sai a kira wanzami ya kafa ƙaho, ko a jiƙa sassaƙe, ko a sa yaro ya hau ya tattaka. Bayan mako biyu ko uku mutum ya miƙe, wanzami ya sha godiya. Yanzu zance ya canza. Ka zauna a bencin jiran likita, ba za ka daɗe ba za ka ji wanda ya fito yana ƙunƙuni: "Wannan ai bai san aiki ba, ko hoto bai ce in yi ba." Babbar ambulan ɗin nan mai ruwan ƙasa ta zama shaidar cewa an duba mutum da gaske. Ana ajiye ta ƙarƙashin katifa tare da takardun fili. Ana zaro fim ɗin a ɗaga a bakin taga, a ɗauka da waya, a tura wa ɗan'uwa likita ta WhatsApp. Mun yarda gani ya kori ji. A kan ciwon baya dai, likitocin hoto da kansu sun shafe fiye da shekara 30 suna gwada wannan magana, kuma abin da suka tarar ya isa a waiwaya a duba.

Zamanin hoto ya faro ne ranar 8 ga Nuwamba 1895, da Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a ɗakin bincikensa a garin Wurzburg na Jamus. Ga karaya da gocewar ƙashi, rahama ce ta sauka nan take. Ga ciwon baya kuwa sai a hankali, don eksire ƙashi yake nunawa. Faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi, da laka, da jijiyoyin da ke fita daga cikinta su sauka ƙafa, duk ba ya ganinsu. Iyakarsa ya nuna ratar da ke tsakanin ƙasusuwan ta ragu ko tana nan. A farkon shekarun 1920 wasu likitocin Faransa biyu, Sicard da Forestier, suka fara zuba wani mai mai aidin a kogon laka, a karkata gadon da majiyyaci ke kwance, a bi man da hoto a ga inda ya toge. Aiki ne mai wuya da ke barin mutum da ciwon kai na kwanaki, kuma cikin waɗanda aka yi wa a shekarun da suka biyo baya akwai waɗanda man ya bar musu kumburin da ya fi ciwon da ya kawo su.

A 1934 William Mixter da Joseph Barr na babban asibitin Massachusetts da ke Boston suka wallafa cewa faifan nan yana iya fashewa, abin cikinsa ya fito ya danne jijiya, kuma in aka yi tiyata aka cire, ciwon da ke tsarga ƙafa ya tafi. Gaskiya suka faɗa. Sai dai daga nan aka ɗora wa faifai laifin kusan kowane ciwon baya, aka zauna jiran na'urar da za ta nuna shi ƙuru-ƙuru. Ta kuwa zo. A 1971 aka fara sa majiyyaci a na'urar CT ta Godfrey Hounsfield a Landan. A shekarun 1980 MRI ta shiga asibitoci, ita ba ta aiki da hasken eksire, da maganaɗisu take aiki, tana nuna faifai da laka da jijiya tas. Kowa ya ɗauka an gama da ciwon baya, tunda ga mai laifi nan ana kallonsa.

Sai wasu suka yi tambayar da ya kamata a yi tun farko: to in aka sa lafiyayye a na'urar fa, me za a gani? A 1994 Maureen Jensen da abokan aikinta a Kalifoniya suka ɗauki mutum 98 da babu mai ciwon baya a cikinsu, aka yi musu MRI, aka miƙa hotunan ga likitocin da ba su san labarin masu hoton ba. Kashi 36 cikin 100 ne kawai aka samu faifansu lafiya lau a kowane mataki. Kashi 52 suna da faifan da ya kumburo, kashi 27 nasu ya ma turo waje. Mutane ne da ke tafiyarsu, suna aikinsu, suna barcinsu. Mujallar New England Journal of Medicine ce ta buga binciken. A 2015 kuma wata tawaga ƙarƙashin Waleed Brinjikji ta tattaro bincike 33 da suka ƙunshi mutum 3,110 marasa ciwo. Cikin 'yan shekara 20, kashi 37 suna da abin da rahoton hoto ke kira lalacewar faifai. Cikin 'yan shekara 80, kashi 96.

Dillalin shanu ba zai yi mamakin wannan ba. In ya buɗe bakin sa ya duba haƙora, shekarunsa yake karantawa. In yana son sanin ko yana ɗingishi, sai ya ce a kora shi ya taka. Yawancin abin da hoton bayan mai shekara 50 ke nunawa shekarun ne, kuma shekaru ba su ne suka kawo shi asibiti ba, tunda maƙwabcinsa sa'ansa da ba ya jin komai shi ma irin hoton zai fitar.

Daga nan aka koma gwada ko yin hoton yana sa mutum ya fi saurin warkewa. A yankin Nottingham na Ingila, a wani bincike da aka buga a 2001, an raba masu ciwon baya 421 gida biyu, aka yi wa rabi eksire aka bar rabi. Bayan wata uku, waɗanda aka yi wa hoton sun fi yawan masu cewa har yanzu suna jin ciwo, kuma sun fi komawa wurin likita. Abin dariya da takaici shi ne daga baya su ne suka fi cewa sun gamsu da kulawar da aka ba su. Ashe ƙunƙunin bencin asibitinmu Bature ma yana yin irinsa. A 2003 Jeffrey Jarvik a Seattle ya gwada MRI da eksire a kan mutum 380. Bayan shekara guda babu bambanci a lafiyarsu, sai dai mutum 10 aka yi wa tiyata a ɓangaren MRI, 4 a ɗaya ɓangaren. Adadin ƙarami ne, ba a kafa hukunci da shi shi kaɗai, amma ya nuna inda aka dosa. Da Roger Chou ya haɗa gwaje-gwaje shida a mujallar Lancet a 2009, amsar ɗaya ce: mai ciwon baya da ba shi da alamar wata muguwar cuta, gaggawar yi masa hoto ba ta ƙara masa komai.

Ni ban fahimci yadda takarda ke kwantar da mutum ba sai a kan kawuna, wanda ya yi shekaru yana jan tirela. Baya ya riƙe masa bayan wata doguwar tafiya, 'ya'yansa suka haɗa kuɗi aka kai shi wani babban gari aka yi MRI. Ya dawo da rahoto shafi guda da Turanci, wani ya fassara masa a tsaye. Da na je gaishe shi na same shi kwance a kan tabarma, an tokare shi da matasai.

"Kawu, yaya ƙarfin jiki?"

"Ɗana, ai ni tawa ta ƙare. An ce ƙashin bayan ya zaizaye, faifai uku sun zame. In na sunkuya laka za ta tsinke."

Babu inda aka rubuta haka a takardar. Abin da ke ciki shi ne abin da za a rubuta wa yawancin sa'o'insa. Amma ya miƙa makullin mota ga yaronsa, ya koma salla a zaune, ko buta ba ya ɗauka. Watanni ya yi a haka, cinyoyinsa suka saki, ciwon kuma ya ƙaru, domin bayan da aka hana motsi sandarewa yake yi. Wata ma'aikaciyar sashen gashi ce ta tashe shi. Ta karanta takardar ta ninke, ta ce: "Baba, wannan na gani. Yanzu kai nake son gani. Tashi ka taka mini zuwa bakin ƙofa a kan yatsun ƙafa, ka dawo a kan dunduniya." Ya yi. Ta buga masa gwiwa da 'yar guduma, ƙafa ta harba. Ta tambaye shi fitsari da bayan gida da barcin dare da nauyin jiki. Sannan ta ce masa jijiyoyinsa ƙalau suke, ta ba shi motsa jikin da zai riƙa yi safe da yamma, ta ce ya koma ruku'u da sujada a hankali. Bai koma Legas ba, amma ya koma tasha yana lodi.

Ba a gaya masa abu biyu ba tun farko. Na ɗaya, faifan da ya fito ba ya zama yadda yake har abada. Jiki yana tsotse shi, kuma binciken da aka yi ta bin mutane da hoto bayan hoto ya nuna manyan da suka fi ban tsoro a ido su ne suka fi saurin shanyewa. A Holan an sake yi wa masu ciwon jijiyar ƙafa MRI bayan shekara guda da jinya, aka buga sakamakon a 2013: cikin waɗanda suka warke, kashi 35 har yanzu ana ganin faifan a waje, cikin waɗanda ba su warke ba kuma kashi 33. Wato in ka ba likita hotunan ba tare da mutanen ba, ba zai iya ware maka mai lafiya da mai ciwo ba. Na biyu, rahoton hoto karatun mutum ne, kuma masu karatu suna saɓawa. A wani gwaji da aka buga a 2017, mace ɗaya mai shekara 63 ta je wuraren ɗaukar MRI goma a Amurka cikin mako uku. An lissafo abubuwa 49 daban-daban a rahotannin, babu ko ɗaya da ya fito a duka goman. Ba na ganin laifin likitocin hoto su kaɗai a nan. Sau da yawa takardar neman hoton da ke isa gare su ba ta ɗauke da komai sai "ciwon baya", ba gefen da ke ciwo, ba tsawon lokaci, ba abin da ake zargi. Wanda ba a yi wa tambaya ba, dole ya faɗi duk abin da idonsa ya gani.

Ɗaya ɓangaren aikin likitocin hoto shi ne magani da allura, na'ura tana nuna musu hanya. Nan ma an sha darasi. A 1984, a garin Amiens na Faransa, Galibert da Deramond suka fara cusa wani siminti na asibiti cikin ƙashin baya ta allura. Aka yi ta yi wa tsofaffin da ƙashinsu ya yi laushi ya murƙushe, musamman mata, kuma marasa lafiya suna tashi suna godiya. Shekara 25 ana yi kafin a gwada shi yadda ya kamata. A 2009 aka buga gwaji biyu a rana ɗaya, ɗaya na Rachelle Buchbinder a Ostareliya mai mutum 78, ɗaya na David Kallmes mai mutum 131. Rabin majiyyatan an yi musu aikin gaske. Sauran an kwantar da su a gado ɗaya, an kashe wurin da allura, an danna bayan, har simintin aka buɗe don warinsa ya cika ɗakin, amma ba a zuba musu komai ba. Duka ɓangarorin biyu suka samu sauƙi, kusan daidai wa daida. An yi ta rigima a kai, wani gwaji a Sydney a 2016 ya ga amfani ga masu sabuwar karaya mai tsananin ciwo, wani a Holan a 2018 bai gani ba. Har yau ba a rufe zancen ba, amma ya tashi daga abin da ake yi wa kowa ya koma abin da ake zaɓa.

Allurar da ake yi a gefen laka ma haka. Ga mai ciwon da ke tsarga ƙafa saboda faifai ya danne jijiya, takan kawo sauƙi na 'yan makonni, kuma wanda ciwo ya hana barci ya san darajar 'yan makonni. Amma da Janna Friedly ta gwada ta a 2014 a kan mutum 400 masu matsewar kogon laka, ƙara maganin kumburi a kan maganin kashe zafi bai haifar da wani abin a zo a gani ba bayan mako shida. Ƙona ƙananan jijiyoyin gaɓoɓin baya da allura mai zafi ma, gwajin Holan na 2017 mai mutum 681 bai nuna ta fi motsa jiki kaɗai da wani abin kirki ba. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, allurar tana isa daidai inda aka nufa. Ko wurin da aka nufa shi ne tushen ciwon, wannan ne na'urar ba ta da ta cewa a kai. Ina faɗin haka ne don waɗannan ayyuka suna shigowa manyan garuruwanmu, da tsada, kuma wanda ya sayar da sa don ya biya ya kamata ya san abin da ya saya.

To amma ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba, kuma wanda ya tsaya a nan ya karanta rabin darasi. Kusan duk gwaje-gwajen da na ambata an yi su ne a Amurka da Ingila da Holan da Ostareliya. A Sydney an taɓa bin mutum 1,172 da suka je wurin likitan unguwa da sabon ciwon baya, aka samu 11 kacal masu muguwar cuta, yawancinsu karaya. A irin wannan ƙasa, shawarar a jira mako shida kafin hoto shawara ce mai kyau. Mu kuwa Nijeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma in ƙwayar cutar ta bar huhu ta shiga ƙashi, kusan rabin lokaci ƙashin baya take zaɓa. Tun 1779 likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana ta, har ana kiranta da sunansa. Da yawa cikin masu ƙusumbin da muka tashi muna gani a unguwanni, waɗanda aka ce iska ce ta taɓa su ko faɗuwa suka yi suna yara, wannan cuta ce ta murƙushe musu ƙashi.

Akwai wata yarinya a unguwarmu, ba ta fi shekara 14 ba. Ta fara cewa bayanta yana ciwo, aka ce tallan da take ɗauka ne. Ciwon ba ya barinta ko ta kwanta, da dare ma ya fi tsanani, tana tashi zanenta sharkaf da gumi. Ba ta tari, don haka babu wanda ya kawo tarin fuka a ransa. An kai ta wurin maɗori, an yi mata hayaƙi, an sayo ƙwayoyi a kemis. An ma yi eksire sau ɗaya da wuri aka ce babu komai, kuma ba mamaki, don eksire ba ya nuna ɓarna sai ƙashi ya rasa kashi 30 ko fiye na ƙarfinsa. Wannan hoto mai tsabta shi ya kwantar wa iyayen da hankali na watanni. Sai wata rana uwar tana shafa mata mai ta ji ƙashi ɗaya ya turo a tsakiyar baya. Kafin mako biyu yarinya ta fara jan ƙafa, silifa yana suɓuce mata ba ta sani ba.

"Inna, ƙafar ba ta jin maganata," in ji ta.

Lokacin ne aka nemi mota. Irin wannan cuta ce MRI ke kamawa tun ƙashi bai rushe ba, ta nuna ƙurjin da ya taru yana danne laka. Irin wannan ne kuma allurar da hoto ke yi wa jagora ba ta da na biyu: a bi da CT a isa ƙashin da ya kamu, a ɗebo ruwa ko ɗan tsoka, a sa a na'urar GeneXpert da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun 2010, a san tarin fuka ne ko wani abu dabam, a kuma san ko mai jin magani ne. Ƙurjin da ya gangaro ta gefen ƙugu ma ana iya zuƙe shi da sikanin ba sai an yanka ba. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, sai dai na ƙashi yana ɗaukar wata tara zuwa shekara guda. Yarinyar ta sha, ƙafafun suka dawo. Doron bai koma ba.

Garin shanu kuma yana da wata cuta ta biyu. Bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari tana kumbura mata gwiwa, tana kama mutum ta ɗanyen nono da ba a tafasa ba, ko ta hannun mahauci da makiyayin da ke karɓar haihuwa. A jikin mutum zazzaɓi take kawowa mai tafiya yana dawowa, a yi ta shan maganin maleriya da taifot, sannan ta sauka a ƙasan baya da ƙugu. Ga sikila, wadda ita ma ke taɓa ƙashin baya. Ga dattijon da sankarar maza ta fara masa a ƙarƙashin mafitsara ta bazu zuwa ƙashi, da macen da ta ɓoye ƙullutu a mama. Duk waɗannan da ciwon baya suke sallama.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuskuren namu ta fuska biyu yake. Mai hali da ciwon gajiya yana zuwa ya biya kuɗin hoton da ba ya bukata, ya dawo da tsoro. Marar hali mai cuta a ƙashi yana zaune a ƙauye har ƙafa ta mutu. Na'urorin ba su da yawa, kuma nesa suke. Daga Potiskum sai mutum ya yi wajen kilomita 100 zuwa Damaturu, inda aka buɗe asibitin koyarwa na jami'ar jiha a zamanin Gwamna Ibrahim Gaidam, ko ya nufi Azare, ko Gombe, ko Maiduguri, ko ya miƙe Kano zuwa asibitin Malam Aminu Kano da asibitin ƙashi na Dala da ke aiki tun 1959. Kuɗin mota na mutum biyu, kuɗin kwana, kuɗin hoto, ga aikin da aka bari. Gida ɗaya ba ya iya wannan sau biyu a shekara. In aka ƙarar da abin da ke akwai a kan hoton da bai canza komai ba, ranar da ta gaske ta zo sai a tarar babu.

A tsakanin waɗannan biyu akwai mafi yawan jama'a, masu ciwon da ba a iya nuna masa wuri guda, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce su ne wajen kashi 90 cikin 100. Su ba asibiti suke zuwa ba, kemis suke zuwa. A ƙulla musu ƙwayoyi a leda, diclofenac da ibuprofen a haɗe, a sha a kan yunwa kafin a shiga dako, wasu su ƙara da tiramol. Jiharmu da ta san zafin ciwon ƙoda, ta ga abin da ya yi wa gidaje a Gashuwa, bai kamata ta yi wasa da ƙwayoyin da ke wahalar da ƙoda in aka daɗe ana sha ba. Ƙa'idar da Hukumar ta fitar a Disamba 2023 kan daɗaɗɗen ciwon baya ta ɗora nauyi ne a kan ilimantar da mai ciwo, da motsa jiki, da gashi da tausa, da maganin zafi na ɗan lokaci, ta kuma ce a guji dangin tiramol. Albashin ma'aikacin gashi ɗaya a babban asibitin ƙaramar hukuma bai kai kuɗin gyaran MRI sau ɗaya ba, amma ban taɓa jin ɗan siyasa ya yanka ƙyalle don buɗe ɗakin motsa jiki ba.

Ware waɗanda ke bukatar tafiya daga waɗanda ba sa bukata aiki ne na minti goma, kuma ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibitin ƙauye zai iya in an koya masa. Ya tambayi ko ciwon yana lafawa in an kwanta ko yana tada mutum da dare. Ya tambayi zazzaɓi da gumin dare da rama, da ko akwai mai tari a gidan, da ko ana shan nonon da ba a dafa ba. Ya sa a cire riga ya bi ƙashin baya da yatsa daga wuya zuwa ƙugu yana ɗan bugawa. Ya sa mutum ya taka a kan yatsu da dunduniya. Yaro mai ciwon baya, da dattijon da ciwon ya fara masa sabo, da wanda ya faɗo daga mota ko bishiya, da wanda aka taɓa samu da sankara ko cuta mai karya garkuwar jiki, waɗannan ba a ce musu su je su dawo bayan mako shida. Kuma in za a tura su, a rubuta wa likitan hoto abin da ake zargi.

Akwai kuma wanda ko wayewar gari ba a jira da shi. In mai ciwon baya ya ce fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba bai sani ba, ko in ya yi tsarki ba ya jin ruwan a jikinsa, ko ƙafafun biyu suna mutuwa a tare, to jijiyoyin ƙasan laka ne aka danne, kuma sa'o'i ake ƙirgawa kafin ɓarnar ta zauna. Mutanenmu suna jin nauyin faɗin wannan, musamman mace a gaban likita namiji ko uba a gaban ɗansa, don haka sai an tambaya kai tsaye. In amsar ta zama e, a daren za a nemi mota, kuma asibitin da za a nufa ya zama mai MRI da likitan tiyatar laka a wuri ɗaya.